Kumbo a Sama, Takobi a Kugu: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan watan da yawansu sun taru a kan abu ɗaya: fina-finai da wasannin bidiyo na ƙagaggun labaran kimiyya, inda za ka ga mutum ya sauko daga kumbo, yana da bindigar da ke rusa katanga, amma da faɗa ya kaure sai ya zare takobi. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, mun amsa su wuri guda.

Daga wani mai karatu a Kano: Mutanen da suka iya ƙera jirgin da ke tafiya tsakanin taurari, me za su yi da takobi? Ba rainin hankalin ɗan kallo ba ne?

Malam, idan lissafin yaƙi za a bi, gaskiyarka. Takobi ba ya cin bindiga. Amma mai shirya fim ba janar ba ne, abin da ke gabansa shi ne yadda zai sa jarumi da bos su tsaya fuska da fuska. Sai ya fara zaɓar takobin, daga baya ya nemo dalilin da zai kare kansa da shi.

Ka duba yadda kyamara ke aiki. Masu harbin juna suna iya kasancewa da tazarar mita hamsin, kowa ya laɓe bayan bango. Dole darakta ya nuna wannan, ya yanke, ya nuna wancan, ya sake yankewa. Harsashin kuma ba ya ganuwa: fim yana tafiya da hoto 24 a sakan ɗaya, harsashin AK-47 yana fita da gudun kusan mita 715 a sakan, wato tsakanin hoto ɗaya da mai bi masa ya riga ya ci kusan mita 30. Masu takobi kuwa tazararsu ba ta wuce taku biyu. Fuskokinsu biyu suna shiga hoto ɗaya, ana ganin gumi, ana ganin wa ke ja da baya, kuma idan takubban suka sarƙe sai a sami damar yin magana. Faɗan bindiga na gaskiya kan ƙare cikin sakanni, na takobi ana iya jan sa minti biyar yana hawa yana sauka.

Al'adar ma ta girmi irin waɗannan fina-finai. A 1912 Edgar Rice Burroughs ya fara buga labarinsa na duniyar Mars a mujalla, mutanen ciki suna da bindigogi masu cin dogon zango da jiragen sama, amma da takobi suke raba gardama. Labarin zane na Flash Gordon ya biyo baya a 1934 da irin wannan haɗi. Da George Lucas ya fitar da Star Wars a 1977 sai ya ɗebo daga nan, ya ƙara da fina-finan mayaƙan samurai na Akira Kurosawa na Japan, musamman The Hidden Fortress na 1958. Ainihin waɗannan labarai tatsuniyar sarakai ce da 'ya'yan sarauta da barade, aka ɗauke ta aka kai sararin samaniya. Takobi kuma alama ce ta matsayi. Bindiga kowane kurtu ana iya ba shi ya koya cikin makonni, takobi sai an yi shekaru a hannun malami. Shi ya sa a waɗannan fina-finai za ka ga dakarun bos suna ta ɓarin wuta ba sa samun kowa, jarumi shi kaɗai ke riƙe da ƙota.

Su kansu masu fim sun san abin da suke yi. A Raiders of the Lost Ark na 1981 an shirya doguwar fafatawa tsakanin jarumin da wani gwanin takobi. Ranar ɗauka a Tunisiya Harrison Ford, wanda ya fito a jarumin, yana fama da ciwon ciki, sai aka taƙaita: gwanin ya gama juya takobinsa, jarumin ya ciro fistol ya harbe shi. Dariyar da 'yan kallo ke yi a wurin ita ce amsar tambayarka.

Daga Damagaram: A fim ɗin Dune kowa da wuƙa yake yaƙi. An ce garkuwa ce ta jawo haka. Wace irin garkuwa ce ke tare harsashi amma ta bar wuƙa ta wuce?

A cikin duk uzurorin da marubuta suka ƙirƙiro, wannan ne muka fi ganin ƙoƙarinsa. Frank Herbert ya buga littafin Dune a 1965, aka yi fim ɗinsa a 1984, Denis Villeneuve ya sake yi kashi biyu a 2021 da 2024. Garkuwar wata na'ura ce da ake ɗaurawa a jiki, tana lulluɓe mutum da wani ƙarfi da ke mayar da duk abin da ya zo da gudu. Abin da ya zo a hankali ne kawai ke shiga, kuma littafin ya ƙayyade: santimita shida zuwa tara a sakan, gwargwadon yadda aka saita ta. Dole a bar wannan ƙofa, don in ba haka ba iska ma ba za ta shiga ba, mai garkuwar ya shaƙe. Kamar maganin bindiga ne na labaran maharba, sai dai wannan da lamba da ƙa'ida.

Herbert bai tsaya nan ba, ya bi ya toshe sauran ramuka. Me zai hana a harbi mai garkuwa da bindigar leza? Ya ce idan hasken lezar ya haɗu da garkuwa fashewa ake yi irin ta nukiliya, mai harbin da wanda aka harba duk suna iya tafiya. Me ya sa mutanen hamada ba sa sa garkuwa? Saboda motsinta yana haukata manyan tsutsotsin da ke ƙarƙashin rairayi. Har salon faɗan ya canza: ka kare kanka da sauri, amma ka kai sara a hankali a ƙarshe. Akwai wurin da jarumin ya yi faɗa da wani mutumin hamada ba garkuwa, hannunsa ya saba rage gudu kafin suka, sai masu kallo suka zaci wasa yake da ran abokin karawarsa. Marubucin da ya kafa doka ya kuma bar ta ta ciji jaruminsa, shi ne ya yi aiki.

Irin wannan garkuwa ba ta wanzu. Amma akwai ɗan abin da ya yi kama da ita. Rigar kare harsashi mai laushi, wadda ake saƙawa da zaren Kevlar, tana kama harsashin fistol kamar yadda raga ke kama ƙwallo: kan harsashin ba shi da tsini, yana baje wa, zaren da yawa su raba nauyin. Tsinin wuƙa ko na basilla kuwa yana ratsa tsakanin zaren ko ya yanke su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa a Amurka ma'aunin gwajin rigar harsashi daban, na rigar suka daban.

Japanawa sun bi wata hanya a fim ɗin zane na Gundam na 1979. Sun ƙago wasu ƙwayoyin zarra da ake watsawa a fagen fama su kashe na'urar hangen jirage da sadarwa. Da zarar ba a iya gano abokin gaba daga nesa, sai manyan mutum-mutumin yaƙi su matso kusa, takobin wuta ya sami aiki.

Daga wata mai karatu a Katsina: A hawan Sallah ina ganin 'yan bindiga suna gaba, mahaya da takubba suna baya. Ashe an taɓa yin zamanin da makaman biyu ke aiki tare da gaske?

Ƙwarai kuwa, Malama, kuma zamanin ya yi tsawo, ya haura shekara ɗari uku. Sirrin yana wajen ɗuri. Bindigar da ake cusa wa albarushi ta baki, irin wadda ake kira harba-ruga, sai ka zuba albarushi, ka tura harsashi, ka danna da sanda, ka gyara wurin kunnawa, sannan ka harba sau ɗaya. Ƙwararren sojan Turai na wancan lokaci yana yin harbi kamar uku a minti, kuma da wuya ya sami mutum ɗaya daidai idan ya wuce mita ɗari. Dokin da aka sake wa linzami yana cin kusan mita goma a sakan. Ki lissafa: cikin sakan ashirin na ɗuri, mahayi ya ci mita ɗari biyu. In harbin farko ya kuskure, mai takobi ya iso. Ga kuma damina, albarushi ya jiƙe bindiga ta zama sanda. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro banati, wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga, kuma ya sa sojan ruwa idan za su haura jirgin abokan gaba suke riƙe fistol a hannu ɗaya, gajeren takobi a ɗayan.

Abin da ya kashe wannan zaman tare shi ne bindiga mai ɗura kanta. A Omdurman ta Sudan, ranar 2 ga Satumba 1898, dakarun Halifa Abdullahi sun tunkari sojan Kitchener, janar ɗin Birtaniya, da masu da takubba da bindigogi, aka tare su da igwa da bindigar Maxim mai zuba ɗaruruwan harsasai a minti. An kashe musu kusan mutum dubu goma, ɓangaren Kitchener bai rasa hamsin ba. Shekara biyar bayan haka irin wannan bindiga ta iso Kano a Fabrairun 1903, ta isa Sakkwato a Maris. Sulke da lifidi an yi su ne don kibiya da mashi da sara.

Bayan nan takobi ya koma kayan ado da alamar muƙami, ko da yake hafsoshin Japan sun shiga yaƙin duniya na biyu da shi a kugu. Banati ya fi daɗewa: a Mayun 2004 sojan Birtaniya sun kai farmaki da shi kusa da garin Amara a Iraƙi. Kuma a tazara ta kusa har yanzu ƙarfe mai kaifi abin tsoro ne. A 1983 wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya auna ya nuna mai wuƙa yana iya cin ƙafa 21, wato kusan mita shida da rabi, cikin sakan ɗaya da rabi, daidai lokacin da ɗan sanda ke buƙata ya zaro fistol daga kube ya harba. Masu kare takobin fim suna yawan kafa hujja da wannan, sai dai sukan manta cewa bindigar a kube take. Wanda ya riga ya saita tasa, lissafin ba ɗaya ba ne.

Daga Kumasi: Na ji ana cewa a cikin kumbo ba a harba bindiga don kada a huda bango iska ta tsiyaye, shi ya sa ake amfani da takobi. Haka ne?

Rabin gaskiya ce, aka hura ta. Bindiga tana tashi a sararin samaniya, don albarushi yana ɗauke da sinadarin da ke ba shi oksijin a jikinsa, ba ya jiran iskar waje. Harsashi kuma yana iya huda bangon kumbo, wanda galibi alminiyum ne mai kaurin 'yan milimitoci. Amma ramin ba ya zuƙe mutane kamar yadda fim ke nunawa. Ramin milimita tara, idan iskar ciki daidai take da ta doron ƙasa, yana fitar da kusan lita 12 a sakan. Ɗakin da ke ɗaukar lita dubu ɗari zai yi wajen awa ɗaya da rabi kafin rabin iskarsa ta fita. Akwai lokacin liƙewa. A ƙarshen Agustan 2018 an gano rami mai milimita biyu a jikin kumbon Soyuz da ke haɗe da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, 'yan sama jannatin suka toshe shi da tef, daga baya suka cike da gam mai ƙarfi da ƙyallen bandeji. Abin tsoron gaske shi ne harsashi ya sami tankin oksijin, ko bututun sanyaya na'urori, ko wayoyin lantarki.

Wanda ya fi shan wahala a inda babu nauyi ma shi ne mai takobi. Ƙarfin sara daga ƙafa yake tasowa, ta kugu, zuwa kafaɗa. Idan ƙafarka ba ta taka komai ba, ka kai sara dama, jikinka ya juya hagu, kana gama saran ka ba abokin gaba baya. Mai bindiga kuwa turin da yake samu kaɗan ne: harsashin fistol mai giram takwas da ya fita da gudun mita 360 a sakan zai tura mutum mai kilo 120 da kayansa baya da kusan santimita biyu da rabi a sakan. Ya dafa bango ya tsaya.

Abin mamaki, an taɓa kai bindiga da adda sama a jiki ɗaya. A Maris 1965 ɗan sama jannatin Tarayyar Sobiyet Alexei Leonov da abokin tafiyarsa sun dawo daga sama, suka sauka nesa da inda aka tsara, cikin dajin ƙanƙara na yankin Perm a Rasha, suka kwana biyu kafin a fitar da su. Daga baya Tarayyar Sobiyet ta ƙera TP-82, bindiga mai baki uku wadda gindinta adda ce a cikin kube, aka riƙa sa ta a kayan kumbon Soyuz daga 1986 har kusan shekara ashirin. Don namun daji da saran itace bayan sauka aka yi ta.

Daga wani mai walda a Panteka, Kaduna: Takobin haske na Star Wars, ana iya ƙera shi? Kuma da gaske mutum zai iya kaɗe harsashi da takobi?

Maigida, kai da kake yanka ƙarfe kullum za ka fi kowa gane matsalar. Idan haske ne zalla, matsala uku ce: haske ba ya tsayawa a mita ɗaya don kansa, haske biyu idan sun haɗu ratsa juna suke ba sa karo, kuma ba a ganin hasken leza daga gefe sai in akwai ƙura ko hayaƙi. Idan filasma ce, irin ta injin yankan ƙarfe, ka san harshenta 'yan santimitoci ne, kuma bayanta akwai kwamfaresa da wayar wuta mai kauri.

Babbar matsalar ita ce wutar da zai ci. Ɗauki ƙofar ƙarfe mai kaurin santimita goma, a ce za a tsaga ta tsawon mita ɗaya, faɗin tsagin santimita uku. Ƙarfen da za a narkar ya kai kilo 23 da ɗoriya. Yin haka cikin sakan goma, kamar yadda jarumi ke yi, yana buƙatar kusan megawat uku. Wannan ƙarfin ƙananan janareto sama da dubu uku ne, irin na shago, a kunne lokaci guda. In da batirin waya za a yi, irin mai lamba 5000, sai an zuƙe sama da guda ɗari huɗu tas don wannan tsagi ɗaya. Duk a cikin ƙotar da ba ta fi tocilan ba. Zafin da zai fito kuma, kafin ya taɓa ƙofar ya gasa hannun mai riƙon. A 2020 wasu maƙera a Kanada, masu tashar Hacksmith, sun yi wani mai fitar da dogon harshen wuta da gas da oksijin, zafinsa ya haura digiri 2,000, yana yanka ƙarfe a hankali. Amma tankunan a baya ake goya su, kuma harshen wuta ba ya tare sara.

Na fim ɗin 1977 kuwa daga kayan gwangwan aka haɗa shi. Ƙotar jarumin hannun fitilar tsohuwar kyamara ce ƙirar Graflex. Ruwan takobin sanda ce da aka naɗe da leda mai mayar da haske, ƙaramin inji yana juya ta, kuma tana yawan karyewa idan aka buga, daga baya aka bi hoto ɗaya-ɗaya aka zana hasken da hannu. Ƙugin da yake yi, Ben Burtt, mai tsara sautin fim ɗin, ya haɗa shi daga ƙarar injin majigi da zizar da makirfo ya ɗauko kusa da talabijin, sannan ya kunna sautin a lasifika yana wulwula makirfo a gabanta don a ji kamar ana kaɗa takobin. Bindigogin ma tsofaffi ne na gaske aka yi wa kwalliya: ta Han Solo, ɗaya daga jaruman fim ɗin, fistol ɗin Jamus ce, Mauser C96.

Kaɗe harsashi, a'a. Daga mita ashirin harsashin AK yana isowa cikin kashi uku cikin ɗari na sakan, ɗan Adam kuma yana buƙatar kusan kashi ashirin cikin ɗari kafin hannunsa ya amsa abin da ido ya gani. Shi ya sa a fim aka rage gudun harbin har ido na bin sa, aka kuma ce jaruman suna jin abu kafin ya faru.

Daga wani ɗalibi a Zariya: A gem sai na zuba wa mutum harsashi goma bai faɗi ba, shi kuma ya sare ni sau ɗaya na mutu. Kuma ni idan na kai sara sai ya wuce ta jikinsa. Ina adalci?

Banza ba ta kai zomo kasuwa, da gangan aka tsara haka. Mai takobi dole ya ratsa fili ana harbinsa kafin ya iso gare ka. In ya iso kuma saransa bai fi harsashi ɗaya ba, ba wanda zai ƙara ɗaukar takobi. Sai masu tsara wasan su biya shi ladan kasadarsa. A Halo 2 na 2004, inda aka fara ba ɗan wasa damar riƙe takobin wuta, idan ka matso har alamar saiti ta koma ja, dannawa ɗaya zai cilla ka kan abokin gaba. Amma takobin yana walƙiya ana hango shi daga nesa, a fili ba shi da amfani, kuma mai bindigar da ke watsa harsashi yana iya kayar da kai kana cikin tsallen. Don haka a lungu da ƙofa yake sarauta. Idan ana yawan sare ka, duba inda kake bi: kada ka manne da bango wajen shan kwana, buɗe kwanar da taku uku ko huɗu, kuma kada ka canza gidan harsashi a bakin ƙofa.

Dalili na biyu shi ne hana ɗan wasa laɓewa. Idan bindiga ce kaɗai, hanya mafi aminci ita ce ka ɓuya ka leƙo ka harba, wasan ya zama gundura. Doom na 2016 ya magance wannan da wayo: idan ka gama da dodo da hannu sai ya zubar da abin ƙara lafiya, idan ka tsaga shi da zarto mai inji sai ya zubar da harsasai, shi kuma zarton yana cin mai da ba ya samuwa da yawa. Duk lokacin da ka galabaita, wasan yana tura ka gaba maimakon baya. Na uku, makamin da ba ya cin harsashi shi ne madogara idan aljihu ya bushe, kamar yadda kuke amfani da kasko ko addar da kuka tsinta a PUBG da Free Fire kafin ku sami bindiga.

Saran da ke wucewa kuwa yawanci laifin layi ne. Kowane sara kashi uku ne: ɗaga hannu, lokacin da ruwan takobin ke iya cutarwa, da dawo da hannu. Na tsakiyar gajere ne ƙwarai, 'yan hotuna kaɗan cikin sittin da allo ke nunawa a sakan. Wayarka tana aika saƙo zuwa babbar kwamfutar kamfanin, ita ke yanke hukunci. Idan lambar jinkirin da ke kusurwar allonka ta kai 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na sakan, mutumin da ke gudun mita shida a sakan ya riga ya matsa fiye da mita ɗaya daga inda kake ganinsa. Takobin da tsawon cinsa bai fi mita biyu ba ya rasa rabin zangonsa ke nan. Wasanni da yawa suna ƙoƙarin gyara wannan ta mayar da agogo baya kaɗan lokacin hukunci, shi ya sa wani lokaci ake sare ka bayan ka riga ka shige lungu. In lambar ta haura 150, riƙe bindiga. In dole sai takobi, kai saran gaban inda mutumin ya dosa, kuma ka same shi yana tahowa, kada ka bi mai gudu.

Daga Marwa, Kamaru: Waɗannan manya-manyan takubba, da mai zarto, da mai karkarwa, akwai wanda zai yi aiki?

Takobin yaƙi na gaskiya kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, manyan na hannu biyu su kai uku. Irin faffaɗan da jarumin Final Fantasy VII na 1997 ke saɓawa, in aka yanko farantin ƙarfe mai tsawon mita 1.3, faɗin santimita 30, kaurin santimita biyu, zai kai kilo 60. Ya fi buhun siminti, kuma nauyin yana can nesa da hannu.

Takobi mai zarto na Warhammer 40,000, wasan da ya fito a Ingila a 1987, kyan gani ne kawai. Zarto mai inji yana son a ɗora shi a hankali ya ci, in haƙoransa suka bugi ƙarfe sai su dakushe ko sarƙar ta tsinke, in bakinsa ya ciji abu sai ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙo. Wandon kariya na masu saran itace ma da dogayen zare ake cika shi, su shige cikin injin su tsayar da shi nan take.

Mai karkarwa ne kaɗai ke da dangi a duniya. Akwai wuƙaƙen masana'anta da ke rawa sau dubu ashirin zuwa arba'in a sakan, ana yanka kek da roba da yadi da su, likitocin tiyata ma suna da tasu. Sulken ƙarfe dai ba sa yanka shi.

Daga wata mai shirya gajerun bidiyo a Jos: Ina so in yi faɗan takobin haske da waya. Ta ina zan fara?

Fara da sandar, kada ki ce za ki ƙara komai a kwamfuta. Ki sami bututun roba mara nauyi, tsawon kusan santimita 90, ki shafa masa fenti mai haske da ya bambanta da bango, ki naɗe tsininsa da tef mai wani launi don ki riƙa gane ƙarshensa. In da hali ki zura fitilun LED a cikin bututu fari mai ɗan nuna haske. Wannan shi ne abin da ya fi raba aikin koyo da na gwanaye: hasken takobin ya faɗi a fuskar mai riƙo da tufafinsa. Tun daga fim ɗin 2015 masu Star Wars da sanduna masu fitila suke ɗauka saboda haka. Ki ɗauka da yamma ko a ɗaki mai ɗan duhu, da rana tsaka haske ba ya fitowa.

Ki kafa wayar a kan maɗauri, ki kulle hasken kyamara da saitinta don kada su riƙa canzawa. 'Yan wasan su koyi faɗan kashi-kashi, sara uku zuwa biyar, da rabin gudu tukuna. Sanda suke nufa, ba jiki ba, kuma su tsaya a tazarar da ko an kuskure ba za a sami fuska ba. Ki ɗauka daga gefen kafaɗa, kyamara ba ta gane zurfi, saran da ya wuce da taƙi biyu zai yi kamar ya samu.

Sai aikin zane. A manhajar DaVinci Resolve ko Blender, duka kyauta ne, ko After Effects da ƙarin Saber na Video Copilot, za ki bi sandar hoto bayan hoto. Tsakiyar ruwan fari ne tas, launin yana gefe: shimfiɗa biyu ko uku na ja ko shuɗi, kowace ta fi ta ƙasanta baje wa da dusashewa, a haɗa su da salon da ke ƙara haske a kan hoto. Inda aka kaɗa sandar da sauri za ki ga ta baje kamar mafici, ki cike duk wannan siffar, kada ki ja siririn layi. Inda ta bi ta bayan kai ko hannu, ki goge hasken a wurin, in ba haka ba zai hau kan fuska asiri ya tonu. Wurin karo ki sa farin walƙiya na hoto biyu, sautin bugun ya faɗo daidai kan hoton farko.

Ki yi lissafi kafin ki kira 'yan wasa. Sakan goma a hoto 25 hoto 250 ne, takubba biyu zane 500. Gwajin farko kada ya wuce sakan biyar.